Auduga da Tarin da Na Ce Ya Yi Sauƙi

Rifkatu 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ina roƙonsa ya tsare ki a doguwar hanyar da za ki kama ranar Asabar, ya tsare motar, ya tsare ɗan farin karen da zai kwanta a kujerar baya. Allah ya kai ku Houston lafiya, ya sa albarka a sabon aikinki, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Abin kunya ne uwa ta rubuta wa 'yarta wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. To, ya zan yi? Tun ranar da muka dawo daga asibitin dabbobi, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma a tsaitsaye. In na shigo kicin ki fita, in na zauna a falo ki ɗauki Auduga ki rufe ƙofa. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ki bi ta a hankali kina motsa leɓe, yadda kike bin waƙa a coci. Turancina na wurin aiki ne, da shi nake lallashin tsofaffi su sha magani. In gaskiya zan faɗa, sai da harshen da na tashi da shi a Kafanchan.

Kin ce Auduga zai bi ki. Na ƙi, na ɗaga murya, na ce zafin Texas, jihar da Houston take, zai ƙarasa shi tunda huhunsa ya riga ya lalace. Har yanzu tsoron nan bai bar ni ba, ko abinci ba na jin daɗinsa. Amma na saki. Ki tafi da shi. Sai dai duk shekarun da kika yi a jami'a a hannuna yake, ke a hutu kike ganinsa an yi masa wanka an taje shi fes. Ba ki san inda na yi ta tuntuɓe da shi ba, kuma ba na so ki taka inda na taka.

Kina tuna ranar da marigayi babanki ya shigo da shi cikin kwali daga wurin gadinsa a nan garin Laurel? Karyar abokin aikinsa ce ta haihu, irin ƙananan fararen nan masu tsayayyun kunnuwa da ake ce wa Westi. Na ce, "Baban Rifkatu, kare a cikin ɗaki? A hawa na biyu? Me mutane za su ce?" Ya ce, "Yarinyar nan ba ta da ƙawa ko ɗaya a makaranta. Ki bar mata shi." Shi ya raɗa masa suna Auduga. Ni kuwa a kaina kare na tsakar gida ne, ya ci ragowar tuwo, ya yi haushi in ɓarawo ya zo, in ya yi ciwo ya shiga ƙarƙashin rumbu ya warke da kansa. Wannan tunanin nawa shi ya fi komai cutar da Auduga.

Da fatarsa na fara. Irinsu fatarsu ba ta da ƙwari, ƙaiƙayi gadonsu ne, amma ni ban sani ba. Na ga yana lasar tafin ƙafarsa ba ji ba gani, har farin gashin wurin ya koma ja-ja kamar tsatsa. Na ce datti ne. Ranar da matan zumunta za su yi taro a gidanmu, na ce ba za a zo a ga farin kare ya zama kalar ƙasa a ce matar Bitrus ƙazama ce ba. Na jefa shi a baho, na ɗauko sabulun salo da soson da na zo da shi daga gida, na dirje shi son raina. Yana kuka ina ce masa mai raki. Da ya bushe na shafe shi da man kaɗanya, ya bi ya lashe abinsa. Haka na riƙa yi duk mako. Cikinsa ya yi ja, daga baya ya yi baƙi ya yi kauri kamar fatar ƙirgi, ga wani tsami da ke tashi daga jikinsa ko an wanke shi. Ruwa ba ya tsami banza. Likitarsa ta duba ta ce sabulun ya kwashe man da ke kare fatar, ta tsattsage, ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka kada ki sa masa wani sabulu sai wanda likita ta ba shi, yana cikin jakarsa. Ki bar kumfar ta ɗan zauna a jikinsa kafin ki ɗauraye, da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. Duk lokacin da ya dawo daga waje ki goge masa ƙafafu da ciki da jiƙaƙƙen tsumma, musamman lokacin da garin furen itatuwa ke rina motoci rawaya. An ce can inda za ki ga zafi ga laima, ƙuma kuma ba ta hutu, don haka maganin ƙuma kada wata ya wuce bai sha ba. In kin ga yana girgiza kai yana sosa kunne, ki kai hancinki ki sansana. In akwai wari, asibiti za ki nufa. Kada ki zura masa tsinken auduga a kunne, na yi, tura dattin ciki kawai na yi.

Sai abinci. Nan kam tausayi ne ya ja ni. Ina cin tuwo da miyar kuka yana zaune yana kallon bakina da idanun nan nasa kamar maraya, ga busasshen abincinsa a kwano kamar tsakuwa. Na ce wannan ai zalunci ne, a gidana ba a kallon bakin mai ci. Na riƙa zuba masa miya, in na yi dafa-duka ya samu rabonsa, ƙasan tukunya kuwa da soyayyar albasar da ta maƙale duk nasa ne. Bayan wani biki na dawo da ragowar gasasshen nama, na juye masa har da tulin albasar da ke kai. Kwana biyu sai na ga ya kasa hawa kujera, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Likita ta ɗaga leɓensa, dasashinsa fari fat. Ta ce, "Ya ci albasa ko tafarnuwa?" Ai a kicin ɗina tambayar ita ce wace rana ce bai ci ba. Ashe albasa farfasa musu jini take yi.

Ke kin fi ni taushin zuciya, shi kuma ya san haka. Ki daure wa idanun nan. Ba miya, ba albasa ɗanya ko dafaffiya, ba tafarnuwa, ba inabi, ba cakulan, ba ƙashin kaza. In baƙi sun zo ki faɗa musu tun daga bakin ƙofa, don mutanenmu ba sa iya ci su hana na kusa da su. Kuma yanzu ƙiba makiyiyarsa ce, duk abin da ya ƙaru a jikinsa huhun ne zai ɗauki nauyinsa.

Na ƙafarsa shi ya fi ba ni kunya, don ni nas ce, bai kamata ya fito daga hannuna ba. Kin san yadda yake gudu sai ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya yi tsalle da uku, can ya miƙe ta ya ci gaba? Ni da babanki dariya muke yi, yana cewa Auduga ya iya rawar gargajiya. Ashe ƙoƙon gwiwarsa ne ke gocewa yana komawa, abin da ke yawan samun ƙananan karnuka. Ranar da ya ƙi taka ƙafar sam, na ce ina raba wa manyan mutane magani safe da yamma, ɗan kare ne zai gagare ni? Na ɗauko maganin ciwon jikin da nake sha in bayana ya riƙe, na gutsura kaɗan, na cusa a nama na ba shi. Washegari na ƙara. Ya fara amai, kashinsa ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta. Ni na san ma'anar baƙin kashi a jikin mutum, sai na ɗauke shi muka ruga wurin likita. Ya kwana a asibiti ana ƙara masa ruwa. Ke kina tsakiyar jarrabawa, da kika kira na ce miki yana barci.

Maganin mutum ba na kare ba ne, Rifkatu, komai ƙanƙantarsa. Kada wata ƙawa ta ce miki ita tana ba nata ba abin da ya faru. Kada ki bar shi yana dirowa daga gado, ki sauke shi da hannu. Idonsa ma ki kula. Ba ya yin hawaye yadda ya kamata, shi ya sa kwantsa mai kauri ke taruwa. Na daɗe ina gogewa da bakin zane ina ce masa malalaci. Man idon da likita ta ba shi yana aljihun gaba na jakar, kullum ne ba fashi, in an tsaya ciwon dawowa yake.

Yanzu na zo kan abin da ya shiga tsakaninmu. Na yi ta kewaye-kewaye ne don hannuna ba ya son rubuta shi.

Bara da kaka ya fara tari, busasshe, kamar abu ya maƙale masa a wuya. Na kai shi, kin ga a nan ban yi sakaci ba. Likita ta saurari ƙirjinsa ta daɗe. Ta ba da magani ta ce mai yiwuwa ɗan sanyi ne, amma akwai wani sauti da bai kwanta mata ba. Ta ce za su kira ni, in tarin bai tafi ba a dawo da shi a ɗauki hoton ƙirji. Suka kira kuwa. Ina tsaye a bakin motata a wurin aiki, yarinyar da ke karɓar baƙi a asibitin ta ce, "Ya jikin Auduga?" Kafin kaina ya yi tunani bakina ya riga ya amsa. Na ce da sauƙi, mun gode Allah. Da Turanci na faɗa, amma amsar ta gida ce. A safiyar nan ya yi tari har ya durƙusa a kan kafet.

Ban yi niyyar ƙarya ba. Ke kin tashi a nan, ba lallai ki gane ba. A gida in an je gaida marar lafiya aka ce ya jiki, amsa ɗaya ce. Kakarki tana kwance ba ta iya ɗaga kofi, amma in aka tambaye ta sai ta ce da sauƙi. Wanda ya ce ba sauƙi kamar ya raina Allah ne, kamar ya ɗora wa mai gaisuwa kayan da bai zo ɗauka ba. Mai tambayar ma ya sani, ba ya ɗaukar amsar a bakin komai, jikin yake kallo da idonsa. Ita yarinyar nan ba gaishe ni take yi ba, aiki take yi. Ta rubuta abin da na faɗa, suka rufe maganar hoto. Ni kuma da na ajiye waya na ce ai ya rage, ina jin ya rage. Sabo turken wawa.

Haka muka ci hunturu. Ya daina bin kurege, na ce tsufa ne. Ya riƙa tsayawa a tsakiyar matakala yana haki, na ce ƙiba ce. Yana kaɗa mini wutsiya, yana cinye abincinsa, na ce mai ciwo ba ya haka. Sai da kika dawo gida bayan kin gama karatu, kika fita da shi yawo, ya zube a bakin matakala harshensa ya yi shuɗi. Har yanzu ina jin ihunki daga ƙasa kina kiran Momi.

Sauran kin sani, amma bari in faɗe shi yadda na gan shi. Sun sa shi a akwatin gilas mai iskar oksijin. Likita ta nuna mana hoton, ta ce huhun ya yi tabo ya sandare, ciwo ne da aka sani a irinsu in sun manyanta, ba a warkar da shi, sai dai a rage masa wahala. Ta ba ni abin sauraren ƙirji tunda ta san aikina, na ji kamar ana murza leda a cikinsa. Sannan ta dubi kwamfutarta ta ce, "Amma an gaya mana tarin ya yi sauƙi." Kika juyo kika ce, "Wa ya ce?" A mota kika yi maganar da Turanci, idonki a kan titi: "Ba zan bar miki shi ba. Haka kika bar Dadi."

Maganar nan ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi, na ce a raina yarinyar da na goya ce ke gaya mini haka. Amma na juya ta na sake juyawa, ban samu inda zan ƙaryata ki gaba ɗaya ba. Babanki ya yi makonni yana dafe ƙirji in ya hau matakalar nan. Ina ce masa, "Baban Rifkatu, ya jikin?" yana cewa, "Da sauƙi, iska ce." Ni da na san alamun ciwon zuciya kamar tafin hannuna, na karɓi amsar, saboda ita nake so in ji. Shi ya faɗa don kada ya tayar mini da hankali, ni na yarda don kada in tayar da nawa. Ban bar shi don rashin so ba, Allah ya sani. Ladabin gidanmu muka yi wa juna har ranar da aka kira ni daga wurin aikinsa.

Likita ta ce ko da an ɗauki hoton Auduga tun bara, tabon ba zai goge ba. Na so in fake da wannan, amma ta ƙara da cewa da an fara taimaka masa da wuri, da bai yi watannin nan yana kokawa da numfashi shi kaɗai ba. Da na sani ƙeya ce.

To ga abin da nake roƙonki. A hanya, kada ki bar shi a mota a kashe, ko da fitsari za ki shiga ki fito. Ki bar sanyin mota a kunne, ruwa a kusa da shi. Na cire igiyar wuyan na sa masa mai ɗaurewa a ƙirji, kada ki mayar, duk abin da ya shaƙe masa wuya tari zai tayar. In kun isa, kafin ki nemi labule ko tukunya, ki nemi likitan dabbobi ki kai masa takardunsa, ki kuma san asibitin da ba ya rufewa da hanyar zuwa can. Yawo da sanyin safiya ko bayan rana ta faɗi, gajere, in ya tsaya ki tsaya, in ya zauna ki ɗauke shi. Ba turaren wuta a ɗakin, ba fesa turare kusa da shi. Na san kina son ƙamshin da nake sa wa gida, ni ma na daina. In yana barci ki zauna ki kalli haƙarƙarinsa, ki san yadda numfashinsa yake ranar lafiya don ki gane ranar da ya sauya. Ki riƙa ɗaga leɓensa. In dasashi ko harshe ya fara komawa toka-toka ko shuɗi, kada ki kira ni, kada ki tsaya duba waya, ki ɗauke shi ki fita.

Kada wutsiyarsa ta ruɗe ki. Karen nan ɗan gidanmu ne sosai. Zai taso ya tarye ki a ƙofa yana rawar jiki alhali ƙirjinsa na ci da wuta, don kada ranki ya ɓaci. Da yana da baki, da sauƙi zai ce. Ke ce bakinsa yanzu. In likita ya tambaye ki, ki faɗi mafi munin abin da kika gani a makon, ba mafi kyau ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wata rana, ban san yaushe ba, likita zai ce miki wahalar ta fi jin daɗin yawa, ya tambaye ki me kike so a yi. Wannan ranar ita ke hana ni sukuni, ba don Auduga kaɗai ba. Na ga yadda kika zama bayan jana'izar babanki. Kin daina magana, kin daina cin abinci da mu, duk wanda ya tambaye ki sai ki ce lafiya lau ki rufe ƙofa. Karen nan ne ya yi ta kartar ƙofar har kika buɗe. Kina ganin kin tsira daga halinmu don kina faɗin naki da Turanci, amma shi ne dai, daga wurina kika sha shi. In ya tafi a garin da ba ki san kowa ba, wa zai karci ƙofar? Abin da ya sa na so ya zauna ke nan, ba don ina ganin na fi ki iya riƙonsa ba. Na so in abin zai faru ya faru inda nake.

Saboda haka in na kira na ce ya jikin Auduga, ba gaisuwa nake yi ba. In na ce ke fa, ita ma ba gaisuwa ba ce. Ki gaya mini ko da kina fushi da ni, ki faɗa cikin fushin. Ranar da likita ya yi waccan tambayar, ki kira ni kafin ki amsa. Zan bar aiki in hau jirgi, mu riƙe shi tare.

Ni ma na fara koyo, a tsufana. Jiya Maman Dauda, shugabar zumuntarmu, ta kira daga Silver Spring ta ce, "Maman Rifkatu, ya gida, ya jikin ɗan karenku?" Amsar ta taso har ta iso leɓena, na haɗiye ta. Na ce, "Ba sauƙi, Mama. Karen mutuwa yake yi a hankali, 'yata kuma za ta tafi ba ta yi mini magana." Ba ta taɓa jin an amsa gaisuwa haka ba. Amma sai ta ce, "To, ga ni nan zuwa." Ta zo kuwa, ta hau jirgin ƙasa da bas ta zo, lokacin kin fita sayen kwalaye. Shekara da shekaru ina zaton in na faɗi gaskiya nauyi zan ɗora wa mutane, ashe ƙofa kawai nake rufe musu.

Ubangiji ya yi miki albarka, ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga hatsarin hanya da mugun mutum. Ya ba Auduga numfashi mai daɗi a sauran kwanakinsa, ya ba ki idon gani da bakin faɗa. Ya gafarta mini abin da na yi da wanda na kasa yi. Amin.

Ranar Asabar zan tsaya a gindin matakala. Ba sai kin ce mini komai ba. Kafin ki sa shi a mota, ki miƙo mini shi in riƙe shi kaɗan. In kuma kin ga dama ki tambaye ni ya nake, zan gaya miki.

Mahaifiyarki,
Hanatu